Hayaƙi a Gangar Baba

Gonar Trevaskis, Wilyabrup
9 ga Janairu

Ƙanwata Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da majinyatanki da kadojin da kika ce suna shan hantsi a bayan asibitinku. Mu nan lafiya lau. Zafi ake yi, amma iskar teku tana shigowa da la'asar. Baba yana nan daram, sai dai tafiyarsa ta yi nauyi. Daga gida zuwa rumfar gangunan giya sai ya tsaya hutu, in na yi magana ya ce laifin takalmi ne.

Kar ki buga waya kan abin da zan faɗa miki. Kin san tarho yana kicin kusa da kujerarsa, kuma kunnensa ya fi na zomo.

Maganar giyar bara ce, ta shekarar gobara. Kin tuna na rubuto miki cewa wutar dajin ba ta tsallako shingenmu ba, har muka yi ta murna. To, hayaƙin ya tsallako. Kwana da kwanaki ya kwanta a kan inabi daidai lokacin da 'ya'yan suke sauya launi. Da muka girbe ban ga wani aibu ba. Irin inabinmu biyu, Kabane ya fito baƙi wuluk, Marlo kuwa da taushinsa kamar kullum.

Makon jiya muka zauna haɗi, kashi bakwai Kabane, uku Marlo, yadda Baba yake yi tun muna wasan ɓuya a bayan ganguna. Ya kaɗa kofi, ya kai hanci, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Darcy, tun da na dasa gonar nan ban taɓa yin kamarta ba."

Na kurɓa ni ma. Farkonta daɗi. Bayan na tofar sai wani abu ya taso mini daga maƙogwaro, kamar na lashi murhun da ya kwana. Na kuskure baki na sake, toka dai.

"Baba, ba ka ji wani abu a ƙarshenta ba?"

"Na ji giyar da za ta yi shekara ashirin a kwalba."

"Hayaƙi nake nufi."

"Kai hancinka na direban tarakta ne, dizal ya cinye shi. Babbakar da ake yi wa cikin ganga kake ji, ita ma ba ka santa ba?"

Wataƙila shi ke da gaskiya. Ni mutumin ƙasa ne da almakashin yankan reshe, hanci kuwa ke kika gaje shi daga Mama, Allah ya jiƙanta. Na san dattawan ƙauyenku sun hana shiga da giya, don haka na aika kwalba ɗaya gidan ƙawarki Delphine a Kununurra. In kin fito gari ki ɗanɗana, ki faɗa mini gaskiya. Nan da wata uku yake so a zuba ta a kwalba da sunansa.

Yayanki,
Darcy

*

Ta hannun gidan waya, Kununurra
24 ga Janairu

Yaya Darcy,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso da jirgin Talata, a jiƙe amma tana karantuwa. Ina lafiya, ban da ƙurajen zafi da suka mamaye mini wuya. Damina ta kankama. Mu biyu ne kacal a asibitin, ni da wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, likita kuwa sai ta rediyo.

Ka ba ni dariya. Shekara nawa kana ce mini sarkin iyayi don na ce madara ta fara juyawa, yau kuma hancina ya zama alƙali! Ba komai, na karɓi shari'ar. Farkon Fabrairu zan raka wata mai ciki gari, zan biya wurin Delphine.

Amma kafin nan ina da tambayoyi, kuma kar ka ce na fara aikina a kanku. Katin Kirsimetin da Baba ya aiko mini, rubutunsa ya ƙanƙance, layin farko daidai, na ƙarshe kamar sawun tururuwa. Haka yake rubutu yanzu? In yana tafiya, hannuwansa biyu suna lilo, ko ɗaya yana manne da jiki? Sannan rabon da ka ji ya yi mitar warin wani abu, yaushe ne? Ka tuna yadda yake korarmu daga rumfa in mun yi wanka da sabulu mai ƙamshi.

Ka lura ka faɗa mini, amma kar ka tsare shi da ido, zai gane.

A gaida Kawu Mirko, ka ce masa har yanzu ina jiran zaitun ɗin da ya yi mini alkawari.

Taka,
Glenys

*

Kati, daga filin jirgin Kununurra
6 ga Fabrairu

Yaya, a tsaye nake rubutu, jirgi zai tashi. Na ɗanɗana. Wannan ba giyar Baba ba ce. Kar ka bari ta fita da sunansa. Cikakken bayani yana tafe a wasiƙa. G.

*

Wilyabrup
20 ga Fabrairu

Glenys,

Ina fatan kina lafiya. Mu nan jiki lafiya, sauran kuwa ki karanta ki gani.

Me ya kai ki rubuta irin wannan magana a kati, babu ko ambulan? Kin manta wanda ke zuwa Cowaramup ɗauko wasiƙu? Ranar Juma'a na shigo cin abincin rana na tarar da katinki a tsakiyar tebur, an danne shi da gwangwanin gishiri. Baba yana zaune, ko hularsa bai cire ba.

"Me ka aika wa yarinyar nan?"

"Giyarka, Baba. Daga haɗin da ka yi da hannunka."

"Ta ce ba giyata ba ce. Glenys ba ta ƙarya, hancinta ma ba ya yi. To me ka zuba a kwalbar?"

Na rantse masa ban taɓa komai ba. Na ce nufinki hayaƙin da na faɗa masa. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta hayaƙi a katin. Babu, Glenys. Ba ki rubuta ba.

"Na gane wasan," in ji shi. "A ɓata kwalba, a aika wa 'yar'uwa, ta sa hannu cewa tsoho ya rikice, a karɓe makulli. Kun gaji da jiran in mutu."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. Na ce shekara goma sha ina kwana ina tashi a gonar nan, ban taɓa neman ko a rubuta harafin sunana a bayan kwalba ba. Ya ce wanda bai nema da baki ba ai shi ya fi nema. Da yamma ya sa sabon kwado a ƙofar rumfar ganguna, makullin yana rataye a wuyansa. Ni kuma na kwashe kayana na koma ɗakin masu tsinkar inabi. Muna haɗuwa a gona, ya ce layin kaza yana son ruwa, in ce to. Iyakar maganarmu ke nan.

Ni ma na yi ta juya kalmominki. Ba giyar Baba ba ce, to ta wa ce? Ko ke ma kina zaton na sa hannu? In haka ne ki faɗa fili.

Tambayoyinki kuwa, ni na tambaye ki giya, ke kina tambayata hannu. E, na dama ba ya lilo. Batun wari ban lura ba.

Tsakiyar Maris za a yi zaman ɗanɗano a gidan Kawu Mirko kamar kowace shekara. Madam Ferrante za ta zo daga Perth, wadda gidan abincinta ke kwashe rabin giyarmu. Baba ya ce a can zai kai ta, duniya ta raba mu. Ni dai in an gama girbi ina tunanin neman aiki a wuraren haƙar ma'adinai can arewa. Wasiƙar da kika ce tana tafe har yau ban ga ƙeyarta ba.

Darcy

*

Wilyabrup
17 ga Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa. Na ji a rediyo guguwa ta bi ta yankinku, an ce filayen jirgi sun zama taɓo, wayoyi sun tsinke. Na kira Delphine daga gari, ta ce ita ma ba ta ji daga gare ki ba, amma an tabbatar babu wanda ya rasu. Ki yafe mini zafin wasiƙata ta baya. Da ina jin haushin shirunki, yanzu tsoronsa nake ji.

An yi zaman jiya. Ban so zuwa ba, amma Baba ya daina tuƙi mai nisa, dole na kai shi. Ya sa farar rigarsa, ya rungume kwalabe biyu a cinya kamar jarirai.

Kin san yadda ake yi. Dogon tebur a ƙarƙashin bishiyar Kawu Mirko, burodi, cuku, naman rago a kan gawayi, kowa ya zuba tasa a zagaya. Ana ta ba'a. Mirko ya ce wa wani maƙwabci giyarsa ta dace da wanke fenti, aka yi dariya. Da aka zo kan tamu, Baba ya miƙe da kansa ya zuba wa kowa. Kwalbar tana ƙwanƙwasar bakin kofi, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Suka kaɗa, suka shinshina, suka kurɓa. Sai ba'ar ta mutu. Wani ya ce launinta ya yi kyau. Wata ta ce tana da jiki. Madam Ferrante ta ajiye kofi a hankali, ta gutsiri burodi tana taunawa, idonta a kan tebur.

Baba ya ce, "To? Kun zama kurame? Mirko, kai da bakinka ba ya rufuwa."

Kawu Mirko ya ajiye kofinsa. "Des, tare muka haƙa ramukan gonakin nan, ba zan yi maka ƙarya a gidana ba. Akwai gobara a cikin kofin nan."

Baba ya yi dariya. "Kai ma yaron nan ya biya ta wurinka?"

"Babu wanda ya biyo. Tawa ma ta kamu, layukan da ke gefen daji, na sayar da ita a tanka tun bara. Taka ta fi tawa kamuwa. Ko daga nan ina jinta, ba sai na kai baki ba."

Baba ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya musa. Ya ɗauki kofinsa ya tura hanci ciki har gilashin ya taɓa girarsa, ya ja numfashi, ya sake ja. Glenys, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar jana'izar Mama. Ba fushi ba ne. Kamar mutumin da ya shiga ɗakinsa ya tarar an kwashe komai.

Madam Ferrante ta biyo ni mota ta ce za ta jira ta bana, babu gaggawa. Mutuniyar kirki ce, amma da ta zage mu da ya fi sauƙi.

Muka kama hanya har muka iso ƙofar gona. Ya ce in tsaya. Akwai mushen kangaru a gefen titi, kwanansa uku, ni tun daga nesa nake toshe hanci. Ya sauka ya tsaya a kansa, ya daɗe. Ya dawo ya zauna ya ce, "Mu je."

Yau bai fito gona ba. Na kai masa shayi, yana nan yadda na ajiye. Ki rubuto, don Allah. Ban san abin da zan ce masa ba.

Yayanki,
Darcy

*

Asibitin ƙauye
7 ga Fabrairu, da ƙari na 25 ga Maris

Yaya Darcy,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na iso lafiya, mai cikin ta sauka, mace. Ga bayanin katin jiya.

Na buɗe kwalbar a kicin ɗin Delphine, na bar ta ta sha iska. Kana da gaskiya, hayaƙi ne, ba babbakar ganga ba. A hanci kamar rigar da aka shanya kusa da wuta, a ƙarshen baki kuwa toka mai sanyi, kuma tsufa ba zai gyara ta ba, ƙara fitowa zai yi. Abin takaicin, a ƙarƙashin hayaƙin akwai giyar da ban taɓa jin Baba ya yi irinta ba. Kabanen ya nuna sarai, da ɗan ƙamshin itacen turare a bayansa, Marlo ya cike tsakiya ba tare da ya danne shi ba. Hannunsa bai kuskure ba.

Da na ce ba giyar Baba ba ce, nufina Baban da muka sani ba zai taɓa barin wannan ta wuce hancinsa ba. Mutumin da ke gane gangar da ta fara tsami tun daga bakin ƙofa! In bai ji wannan ba, to ba ya jin komai. Ka haɗa da rubutunsa da tafiyarsa. Ina tsoron ciwon karkarwa ne, irin wanda ke shigowa a hankali, kuma sau da yawa hanci yake fara ɗaukewa. Ni ba likita ba ce, ina iya kuskure. A kai shi asibitin Bunbury a duba shi. Akwai magani mai rage shi, gara a fara da wuri.

Ƙari. Yaya, wasiƙar nan ta kwana a jakar gidan waya a kusurwar asibiti tun ranar da na rubuta ta. Jirgi bai sauka ba sai yau, kuma shi ya kawo mini naka guda biyu. Na karanta su a tsaye, na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka. Katin nan wautata ce. Ina sauri, ina ganin kamar ina yi maka raɗa a kunne. Ban taɓa zarginka ba, ko da wasa. Kai ne ka riƙe gonar nan ni ina nan ina ba da shawara daga nesa.

Ka ba Baba wasiƙar ya karanta da kansa, dukkanta. Kar ka fassara masa, kar ka sassauta. Maganar ma'adinai kuma ka dakata, ina roƙonka.

Glenys

*

Wilyabrup
28 ga Afrilu

Glenys,

Ina gaishe ki. Da manyan haruffa na fara don ki daina ƙorafi, amma za ki ga inda za su ƙare. An ce kin tsira daga guguwa. Madalla.

Lafiyata kike son ji. Yayanki ya kai ni Bunbury. Wata likita da ba ta kai ki shekaru ba ta sa ni tafiya a baranda, ta sa na taɓa hancina da yatsa kamar ɗan makaranta. Ta faɗi sunan abin, shi ne wanda kika faɗa. Ta ba ni ƙwayoyi. Hannun ya ɗan lafa. Na tambaye ta hanci fa, ta ce wannan ba ya dawowa. Na gode mata da ba ta yi kwana-kwana ba.

An gama girbi, bana babu hayaƙi. Ban tsinki ko nonon inabi ɗaya ba, na zauna a inuwa ina ba da umarnin da babu mai bukata.

Giyar bara ta tafi. Motar tanka ta zo ranar Litinin ta zuƙe ta, za a gauraya ta da ta wasu a sayar a kwali, babu suna. Mirko ya ce in raba ta a cikin ta bana kaɗan-kaɗan, ba mai ganewa. Na ce ni ne dai ba zan gane ba. Darcy ya so in shiga gida kafin motar ta iso. Na ƙi. Ni na riƙe tiyo.

Na cire kwadon, na ba shi makullin. Na ce masa abin da na faɗa a kicin ban faɗa daidai ba. Ya ce ya ji. Ya dawo ɗakinsa, amma har yanzu in ya shigo rumfa sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ban sani ba ko zai zauna. Ban tambaye shi ba, ba ni da bakin tambaya.

Jiya muka buɗe sabon Kabane yana tsakiyar tsimuwa. Na ce ya shinshina ya faɗa mini. Ya ce, "Yana da daɗi." Na ce daɗi ba magana ba ce, me ka ji? Ya yi ta kame-kame har ya ce kamar ganyen tumatir da aka murje. Na ce a ƙara masa kwana a kan ɓawon inabin. Haka za mu yi ke nan, shi hanci, ni kai. Sai dai yaron ba shi da kalmomi, ni kuma ba ni da haƙuri.

Abu ɗaya nake so daga gare ki. Kin rubuta cewa a ƙarƙashin hayaƙin akwai giyar da ban taɓa yin irinta ba. Na karanta wurin har takardar ta fara yagewa. Na san masu aikinku, kuna faɗa wa mara lafiya abin da zai sa ya ci abinci. Ki faɗa mini wadda ta rubuta layin nan, ma'aikaciyar jinya ce ko 'yata.

Mahaifinki,
Desmond Trevaskis

*

Kununurra
9 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Na ji daɗin ƙwayoyin sun karɓe ka. Ka riƙa sha a kan lokaci, ba sai hannun ya tuna maka ba.

'Yarka ce ta rubuta, kuma ba ta san za ka karanta ba. Amma tunda gaskiya ka nema, ta ɗan ƙara gishiri. Wadda ka yi shekarar da na tafi makarantar jinya ta fi ta. Wannan ita ce ta biyu, kuma tazarar ba ta da yawa.

Na nemi hutu an ba ni, ƙarshen Yuni zan iso. Zan zauna da Yaya a rumfa mu bi ganguna ɗaya bayan ɗaya har bakinsa ya buɗe. Yana ji, Baba, tun farko shi ya fara ji. Kai kuma kafin in zo ka tambaye shi ko zai zauna. Da bakinka, ba ta hannuna ba.

'Yarka,
Glenys